Kyamarar da ta bar ƙwallo ta bi sanƙo: yadda kwamfuta ke bin sawun abin da ke motsi a bidiyo

A watan Oktoban 2020, lokacin da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga filayen wasa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Inverness Caledonian Thistle da ke arewacin Sikotilan ta karɓi baƙuncin Ayr United. Magoya baya suna gida, sun biya kuɗi suna kallo ta intanet. Ba mutum ne ke riƙe da kyamarar ba. Ƙungiyar ta kafa wata na'ura ta kamfanin Pixellot, wadda aka horar da ita ta riƙa bin ƙwallo da kanta duk inda ta nufa.

Ana tsakiyar kai hari sai kyamara ta saki ƙwallo, ta karkata bakin fili, ta tsaya a kan lasman, wanda Allah ya yi wa sanƙo. Ta koma kan wasa, jim kaɗan ta sake dawowa kansa. Haka aka yi ta yi har mai sharhi ya shiga bai wa masu kallo haƙuri. A wajen na'urar, ga abu nan zagayayye, yana ƙyalli a rana, yana kai da kawo. Me ya rage masa bai zama ƙwallo ba?

Duniya ta sha dariya, bidiyon ya zaga Facebook da Twitter. Sai dai irin wannan ruɗanin ne, shekara biyu da rabi kafin nan, ya taimaka wajen kashe wata mata a kan titi a Amurka. Za mu zo kanta. Tsakanin dariyar da mutuwar akwai wata tambaya da masana kwamfuta suka shafe sama da shekara arba'in suna fama da ita: a cikin hoton da komai nasa ke motsi, wane motsi ne abin dubawa, wanne ne na kawar da kai?

Kyamara ba ta barci, mai kallo na gyangyaɗi

Wani ƙiyasi na kamfanin IHS Markit ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2021 kyamarorin tsaro a duniya za su kai kusan biliyan ɗaya, fiye da rabinsu a China. A garuruwanmu ma yanzu da wuya ka shiga banki, gidan mai ko babban kanti ba ka ga ɗan baƙin idon nan a saƙo yana kallonka ba.

Wa zai zauna ya kalli duk wannan? An daɗe da sanin amsar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojin saman Birtaniya ta lura cewa masu gadin allon na'urar rada suna barin alamun jiragen ruwan abokan gaba su wuce su idan sun daɗe a zaune. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Norman Mackworth, ya shirya gwaji: mutum ya zauna sa'a biyu yana kallon hannun agogo, ya danna maɓalli duk lokacin da hannun ya yi tsalle biyu maimakon ɗaya. Sakamakon da ya wallafa a 1948 ya nuna cewa da an wuce rabin sa'ar farko, kulawar mai kallo ta fara zubewa.

Ke nan yawancin kyamarori ba sa hana komai. Shaidu ne da ake tuntuɓa bayan ɓarawo ya tafi. In ana son su yi ihu tun yana kan katanga, dole kwamfuta ce za ta yi kallon.

Ba ta ganin mutum, lambobi take gani

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Kowane hoto kuma tarin ɗigo ne, kamar ƙwayoyin gero da aka shimfiɗa a tabarma. A kyamara mai matsakaicin kyau, ɗigon sun kai miliyan biyu, kowanne da lambobi uku tsakanin 0 da 255 masu nuna yawan ja, kore da shuɗi a cikinsa. Babu "mutum" a ciki, babu "mota". Ɗigo sama da miliyan hamsin ne ke kwarara a daƙiƙa guda, kuma daga cikinsu ake so a tsamo ɓarawo.

Dabara mafi sauƙi ita ce ta ɗebewa. A ɗauki hoton yanzu, a ɗebe na ɗazu daga cikinsa, ɗigo da ɗigo. Inda aka sami sifili, ba abin da ya canja. Inda aka sami saura, wani abu ya gifta. Mataki na gaba shi ne a ajiye hoton wurin lokacin da ba kowa, a mai da shi ma'auni. Bari mu kira wannan hoto shimfiɗa: bango, ƙasa, bishiya, duk abin da masu motsi ke takawa a kai ko gifta gabansa.

Kwaɗo ma haka yake gani. A 1959 Jerome Lettvin da abokan aikinsa a jami'ar MIT da ke Amurka sun nuna cewa a idon kwaɗo akwai jijiyoyin da ba sa tashi sai ƙaramin abu mai duhu ya gifta. Sun ce yunwa na iya kashe shi alhali abinci na kewaye da shi, muddin abincin ba ya motsi. Dabarar ɗebewa ta gaji wannan baiwa, ta kuma gaji wannan makanta.

A cikin ɗaki rufaffe mai fitila ɗaya, dabarar tana aiki lafiya lau. A fitar da ita waje a ga abin mamaki.

Shimfiɗar da ta ƙi zama wuri ɗaya

Duk wanda ya taɓa sa kyamara a ƙofar gida ya haɗa ta da wayarsa ya san labarin. Iska ta kaɗa dalbejiya, waya ta yi ƙara. Gajimare ya tare rana, ta yi ƙara. An ɗauke wuta an tada janareta, ta yi ƙara. Da dare ƙwari su taru a gaban fitilar kyamarar, gizo-gizo ya zo ya yi saƙa, sai a kwana ana buga maka ƙararrawa. Bayan mako guda mai gida ya gaji ya kashe sanarwar gaba ɗaya, ya koma inda ya fito.

A 1999 wasu masu bincike a kamfanin Microsoft, ƙarƙashin Kentaro Toyama, sun jera waɗannan matsaloli a wani aiki da suka kira Wallflower, suka ba kowace suna. Akwai ta bishiya mai kaɗawa. Akwai ta kunna fitila, inda hoto duka ke canjawa a ƙiftawar ido, da ta tafiyar rana, inda yake canjawa a hankali daga hantsi zuwa la'asar. Akwai ta saje, kamar mai farar riga a gaban farin bango. Akwai kuma ta wurin da ba ya taɓa zama wayam, balle a sami hoton shimfiɗarsa tsantsa. Wanda ya san kasuwar Kantin Kwari ta Kano da rana tsaka ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Masu nazarin namun daji sun ɗanɗana nasu. A dajin Serengeti na Tanzaniya an kafa kyamarori 225 masu tashi da kansu idan sun ji zafi da motsi. Cikin jerin hotuna kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da suka tara zuwa 2013, kimanin kashi uku cikin huɗu ba dabba a ciki. Yawanci ciyawa ce iska ta kaɗa a zafin rana.

Dabarar tsohon mai gadi

Sabon mai gadi a daren farko kowane ƙwaram sai ya zabura. Wanda ya shekara goma a wurin ya san kukan kwanon rufin nan idan iska ta taso, ya san kyanwar da ke bi ta kan katanga, ya san ƙarar famfon maƙwabta. Ba jin sauti ya fi sabon ba. Sanin abin da za a yi banza da shi ne ya fi shi.

Wannan ilimin ne Chris Stauffer da Eric Grimson na MIT suka zuba cikin lissafi a 1999, kuma har yau aikinsu na cikin waɗanda aka fi ambato a fannin. Suka ce, maimakon kowane ɗigo ya riƙe launi ɗaya a matsayin na asali, bari ya riƙe uku zuwa biyar, kowanne da nauyinsa gwargwadon yawan bayyanarsa. Ɗigon da ke bakin reshe yakan ga koren ganye, yakan ga shuɗin sama, yana ta sauyawa tsakaninsu. To duka biyun 'yan gida ne. Ranar da jar hula ta bayyana a wurin, ita ce baƙuwa. Sun bar na'urarsu tana kallon waje kusan wata 16, dare da rana, cikin ruwan sama da dusar ƙanƙara.

Daga baya wasu suka gyara, wasu suka kawo sababbi, kamar ViBe daga jami'ar Liege ta Beljiyam. Da yawansu suna cikin OpenCV, wata taskar manhaja ta kyauta da aka fara a kamfanin Intel, wadda ɗalibin kwamfuta a Zariya ko Maraɗi zai iya saukewa yau ya gwada.

Amma akwai ƙulli a tsakiyar dabarar wanda ba wanda ya kwance shi gaba ɗaya, kuma a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Tunda shimfiɗa na canjawa, dole na'ura ta riƙa sabawa da sabon abu, ta mai da shi ɗan gida. Tambayar ita ce: bayan wane tsawon lokaci?

In ta cika saurin sabo, mutum zai zo ya tsaya cik a gindin katanga na minti biyu, ya narke cikin bango, ya ɓace mata. Jakar da aka ajiye a tashar jirgi aka gudu ita ma za ta zama kamar kujerar tashar, alhali ita ce ainihin abin da ake nema. In kuma ta cika jinkiri, motar da ta kwana a wuri in ta tashi da safe za ta bar abin da masanan ke kira fatalwa: na'ura ta ga kwalta inda ta saba ganin mota, sai ta dage cewa akwai baƙon abu a wurin, alhali wayam ne.

Ba wata lamba guda da ta dace da ko'ina. Injiniya ne ke zaɓa, kuma zaɓinsa hukunci ne a kan abin da ya fi tsoro: ihun banza ko shirun da zai bar ɓarawo ya wuce.

Inuwa ma ta ishi kowa. Tana tafiya tare da mai ita, ga ta da siffa, don haka na'ura takan ƙirga ta a jikinsa. Da yamma, idan inuwoyi suka yi tsawo, mutum uku masu tafiya a jere sai su manne su zama dodo guda. Ana rage wannan ta lura cewa inuwa duhu take ƙara wa wuri, ba ta cika canja masa launi ba.

In kyamarar ce ke tafiya fa?

Duk bayanin da ya gabata ya ɗauka kyamara a kafe take. Ɗora ta a kan mota ko jirgi marar matuƙi, sai kowane ɗigo ya shiga gudu. Wanda ke cikin motar Kano zuwa Kaduna yana ganin bishiyoyi na komawa baya, na kusa da sauri, na nesa a hankali, amma bai taɓa zaton su ke tafiya ba. Ita kwamfuta sai an koya mata.

Tun 1981 Bruce Lucas da Takeo Kanade na jami'ar Carnegie Mellon suka fitar da hanyar auna inda ɗan yankin hoto ya matsa daga wannan hoto zuwa na gaba. Da irinta ake kama ɗaruruwan alamomi a ƙasa, kusurwar gini, bakin dutse, mahaɗar hanya, a ga ina mafi yawansu suka nufa. Wannan shi ne motsin kyamarar kanta. A cire shi, duk abin da ya saɓa wa jama'a shi ne mai motsi na gaskiya. Sai dai dogon gini ko hasumiyar masallaci, saboda sun fi kusa da jirgi, sukan yi kamar suna tafiya daban da ƙasa, su yaudari lissafin.

Kama da wane ba wane ba ne

Gano abu a hoto ɗaya rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne a tabbatar cewa wanda aka gani yanzu shi ne na ɗazu. Makiyayi na yin haka ba tare da tunani ba: saniya ta shiga bayan kuka, ya san ta wane gefe za ta ɓullo, kuma in ta fito ya san ita ce, ba 'yar uwarta ba.

Sashen farko na wannan, wato hasashen inda za ta ɓullo, ya samo asali daga Rudolf Kalman, haifaffen Budapest da ya yi aiki a Amurka. A 1960 ya wallafa hanyar da ke haɗa abu biyu, inda lissafi ya ce abu zai kasance bisa gudunsa, da inda awo ya nuna yake, ta ba kowanne nauyi gwargwadon amincinsa. Stanley Schmidt na hukumar NASA ya ɗauke ta, aka yi amfani da ita wajen saita hanyar kumbon Apollo zuwa duniyar wata. Yau ita ce ke raka mai tafiya a ƙasa idan ya shige bayan motar bas.

Sashe na biyu rabon gado ne. Ga mutum goma da ake bi, ga akwatuna goma sha ɗaya da aka gano a sabon hoto, wanne na wane? Ana warware shi da wata hanya da Harold Kuhn ya wallafa a 1955, ya sa mata sunan ƙasar Hangare don girmama masana lissafi biyu na can. A 2016 Alex Bewley da abokansa suka haɗa tsofaffin dabarun nan biyu a wata manhaja mai suna SORT, mai iya sarrafa hoto sama da 200 a daƙiƙa.

Rauninta shi ne musanya suna. Mutum biyu suka gifta juna, sai mai lamba 7 ya fito da lamba 12. Bayan shekara guda aka fitar da DeepSORT, wadda ke riƙe kamannin kowa, launin tufafi da siffar jiki, ta rage musanyar da kusan kashi 45 cikin ɗari a gwajin masu ita. To amma ka kai ta filin Idi, inda dubbai ke sanye da farar shadda, ko ƙofar makarantar 'yan mata lokacin tashi, kowa da hijabi iri ɗaya. Nan kamanni ba ya raba gardama.

Na'urar da ta san raƙumin dawa, ba ta san akuya ba

Daga 2012 lamarin ya sauya salo. A shekarar ce wata manhaja daga jami'ar Toronto, mai koyo daga tarin misalai, ta yi wa sauran fintinkau a gasar gane hotuna ta ImageNet. Maimakon a tambayi na'ura me ya motsa, sai aka koma tambayarta me ke cikin hoton. A 2015 Joseph Redmon da abokansa suka fitar da YOLO, mai duban hoto sau ɗaya ta zana akwati a kan kowane mutum da mota, har hoto 45 a daƙiƙa.

Wannan ya kashe matsaloli da dama a lokaci guda. Bishiya ta yi ta kaɗawa, ba mutum ba ce. Mai tsayawa cik ba ya narkewa cikin bango. Kyamara ta yi tafiyarta. Ya kuma haifo sabuwa: na'ura ba ta sanin abin da ba a nuna mata ba, kuma idan ta ga baƙon abu sai ta laƙaba masa sunan wanda ya fi kama da shi. Abin da ya faru da lasman ɗin Inverness ke nan.

Dubi COCO, tarin hotunan da aka fitar a 2014 wanda aka fi horar da irin waɗannan manhajoji da shi. Nau'in abubuwa 80 ya sani. Akwai saniya, tunkiya, doki, giwa, jakin dawa da raƙumin dawa. Akwai katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara da na'urar gasa burodi. Babu akuya, babu jaki, babu raƙumi. Akwai mota, bas, babur da keke, babu adaidaita sahu. Wanda ya sauke manhajar yadda take ya kafa ta a kan titin Zoo Road na Kano don ƙirga ababen hawa, abin hawan da ya fi cika titin ba shi da gurbi a kundinta.

Sai yanayi. Tarin bidiyon gwaji na CDnet, da aka fara a 2012 aka faɗaɗa a 2014, yana da rukunin dare, na girgizar kyamara, na rawar iska mai zafi, da na mummunan yanayi, wanda galibinsa dusar ƙanƙara ce. Hazon hunturu irin namu, mai disashe launi ya kuma bar ƙura a kan gilashin kyamara har tsawon watanni, wata jarrabawa ce daban.

Daƙiƙa biyar da 'yan kai a Tempe

Daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta tana tafe da gudun kilomita 70 a sa'a ko ƙasa da haka kaɗan. Wata mata mai shekara 49 ta shigo titi tana tura kekenta, a wurin da ba a ware don tsallakawa ba.

Rahoton hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, da ya fito a Nuwamban 2019, ya bi abin daki-daki. Motar, wadda ke amfani da rada da hasken leza tare da kyamarori, ta hango ta saura daƙiƙa 5.6. Ba makanta ce ta kashe matar ba. Na'ura ta ce mota ce, ta koma ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, ta sake cewa mota, ta ce keke. Ba ta taɓa kiranta mai tafiya a ƙasa ba, domin ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka a inda ba mahaya ba.

Mafi muni, duk lokacin da ta canja mata suna sai ta zubar da tarihin tafiyarta, ta fara daga farko kamar yanzu ta gan ta. Da an riƙe sawun, ko yaro zai ga abin nan yana ratsa titi ne zuwa gaban mota. Sai saura daƙiƙa 1.2 ta gane za a yi karo, a nan kuma tsarin ya tanadi jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin taka birki mai ƙarfi. An sa jinkirin ne don gudun birkin banza, wato dai matsalar nan ta ihun ƙarya da mai kyamarar ƙofar gida ya sani. Birkin gaggawa na kamfanin Volvo da ya zo da motar kuwa an kashe shi. Ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba don ko-ta-kwana hankalinta na kan wayarta, kuma hukumar ta ɗora babban laifin a kan wannan, tare da sakacin kamfanin a harkar kiyaye haɗari. Mackworth ya faɗi abin da zai sami irin wannan mai gadi shekara saba'in kafin ranar.

Inda abin ya yi kyau

Kada a ɗauka duka labarin faɗuwa ne. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, kyamarori 12 da aka kafa a ƙarƙashin rufin kowane fili sun riƙa bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa, ga kuma wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Da su aka riƙa kama satar gida ta tsawon ɗan yatsa.

A lura da dalilin nasarar. Fili kore ne, an san tsawonsa da faɗinsa, fitilu sun wadata, 'yan wasa 22 ne cikin riguna masu bambanci, in wata kyamara ta rasa mutum wata na ganinsa, kuma alƙali ne ke yanke hukuncin ƙarshe. An ɗaure shimfiɗar ne ta zauna wuri ɗaya. Titi da kasuwa da daji ba sa ɗauruwa.

Masu so, masu tsoro

Jami'an tsaro da masu kula da cunkoso suna ganin alheri. Faransa ta yi doka a 2023 da ta ba da damar gwada irin wannan manhaja lokacin wasannin Olamfik na Paris a 2024, don gano kayan da aka yasar, turmutsutsu, ko mutumin da ya faɗi, amma ta hana gane fuska. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ce hanin bai wadatar ba, tunda ana iya bin mutum ta tufafinsa da tafiyarsa ba tare da an ga fuskarsa ba.

Wasu daga cikin maƙeran ma sun ja da baya. A 2018 ma'aikatan Google sama da dubu uku suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da Project Maven, shirin ma'aikatar tsaron Amurka na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance bidiyon jirage marasa matuƙa, har kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. A 2020 Redmon, mai YOLO, ya bayyana cewa ya bar bincike a fannin saboda yadda ake amfani da shi a aikin soja da leƙen asirin jama'a.

Wannan ba maganar nesa ba ce. Daga sansanin da Amurka ta gina a Agadas, jirage marasa matuƙa sun yi shawagi a sararin Sahel tun daga 2019 har zuwa ficewar sojojinta a 2024. A Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna kuma, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasan Najeriya ya kai hari kan masu taron Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85. Ba manhaja aka zarga ba. Bayanin da rundunar ta bayar shi ne an ga zirga-zirgar jama'a daga sama aka ɗauka ta 'yan bindiga ce. Daga can sama, taron zikiri da taron sharri duk ɗigo ne masu haɗuwa wuri ɗaya da dare, kuma babu lissafin Kalman da zai bambanta su.

Kafin a kai ga lissafi

A wajenmu sau da yawa matsalar ba ta ma kai ga nan ba. A 2010 gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar kusan dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, ciki har da kyamarori kimanin dubu biyu a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin bashi ne daga China. Jaridu sun sha nuna turakun a tsaye ba sa aiki, an kwashe batura da faifan sola na da yawansu. A 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ita ce ya kamata ta fayyace wa ke da ikon riƙe bidiyon mutum, kuma har yaushe.

Ko an sami wuta, an goge ƙura, aikin da ya rage na hannu ne. Kafin na'ura ta san adaidaita sahu ko garken awaki a cikin hazo, sai wani ya zauna ya zana akwati a kan kowanne, ya sa masa suna da lamba, ya bi shi hoto bayan hoto. Matasa a Nairobi sun shafe shekaru suna yi wa kamfanonin motoci masu tuƙa kansu irin wannan aiki, a kan titunan ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba. Bidiyon sa'a ɗaya tak na shataletalen Ɗangi da ke Kano hoto 90,000 ne, kuma a kowanne akwai ababen hawa da mutane da dama da za a zana.